Kundin aiki: harsashin atisaye na gida don gajerun libarba uku

12 ga Janairu, 2025

Abin da ake nema shi ne harsashin atisaye da za a riƙa haɗawa a gida don gajerun libarba uku, wato bindigogin hannu masu silinda mai juyawa da ake jera harsashi a ramukanta, kowacce da nata. Ana so ya faɗa inda saiti ya nuna a nisan yadi 15, bambancin gudu tsakanin mafi sauri da mafi nawa cikin harbi goma kada ya wuce ƙafa 50 a daƙiƙa, kada ya bar dalma a bututu, kuma mutum ya iya harba ɗari a zama ɗaya hannunsa bai mutu ba. Gudu don gudu ba ya cikin lissafi. Bututun da bai kai inci biyu ba ba ya amfana da yawan albarushi yadda dogo yake yi. Akasarin ƙarin da aka zuba wuta da ƙara yake zama a bakin bindiga.

A jihar Ohio ta Amurka ake wannan aiki, inda dokar tarayya ta bar mutum ya sake cika kwanso, wato ɓawon tagulla na harsashi, don amfanin kansa, sai in zai sayar ne yake buƙatar lasisi. A Najeriya lamarin daban ne: dokar makamai ta 1959 ta jera libarba da fistol cikin haramtattun makamai, haɗa harsashi a gida kuma laifi ne.

Gajeriyar libarba tsohuwar aba ce. Kamfanin Colt ya fitar da Detective Special a 1927, Smith & Wesson ya biyo da Chiefs Special mai rami biyar a 1950, wadda ita ce uwar jerin da ake kira J-frame. Da fistol masu jikin roba suka cika kasuwa, an ɗauka kwananta ya ƙare. Sai Ruger ya zo da LCR a 2009, Kimber ya matse ramuka shida na .357 Magnum cikin K6s a 2016, Colt ya dawo da Cobra a 2017. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne Ultimate Carry da dillalin nan Lipsey's na Louisiana ya sa Smith & Wesson ya ƙera masa a 2024: saiti na gaske da ido ke kamawa maimakon 'yar tsagar da aka saba, babu makullin ciki, kuma akwai ta a .32 H&R Magnum mai rami shida. Wannan harsashi na 1984 ya kusa ɓacewa daga kantuna kafin nan. Har yanzu ya fi .38 Special wuyar samu da tsada, shi ya sa mai .32 da ke harbi da gaske yakan ƙare a gaban teburin cika kwanso.

Bindigogin aikin: mai .38, jikin alminiyam, rami biyar, nauyi kusan giram 410, mai .32, rami shida, giram 450, da mai .357, ƙarfe zalla, rami shida, giram 650. Duka bututunsu inci biyu ne ko ƙasa da haka kaɗan.

19 ga Janairu

Kafin a taɓa kwanso ko ɗaya an auna bindigogin, domin yawancin abin da ake ɗora wa harsashi laifinsa daga ƙarfen yake.

Ratar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu an auna ta da fila geji irin ta makanikai. Mai .38 ta ba da inci 0.006, mai .32 ta ba da 0.005, mai .357 kuma 0.008. Daga 0.004 zuwa 0.008 ba abin damuwa. In ta yi ƙasa da haka, datti kaɗan ya isa ya sa silinda ta fara gogar bututu. In ta wuce, iskar wuta na tserewa ta gefe, gudu ya ragu. Ana auna ta sau biyu, silinda a ture gaba sannan a ja baya, bambancin shi ne wasan gaba da baya. Duka ukun ba su wuce 0.002 ba.

Sai lokacin kullewa. Bindiga ba komai a ciki, a ja kunama a hankali ƙwarai, ana ɗan dafa silinda da yatsa. Dole a ji ta kulle kafin hama, ƙarfen da ke kai bugu gindin harsashi, ta faɗi, a kowane rami. Ramin da ya makara zai sa ƙwaya, wato kan harsashi da ke fita, ta bugi gefen mazurarin bututu, tana feshin ɓarɓashin dalma ta rata. Duk sun wuce.

Awon da ya fi muhimmanci ga mai harba dalma shi ne maƙogwaron silinda, wato ƙarshen ramin da ƙwaya ke bi kafin ta tsallaka zuwa bututu. An yi amfani da sandunan awo waɗanda kowacce ta ɗara 'yar'uwarta kauri da inci 0.0005. Mai .38 ta karɓi 0.358 a duk ramukanta. Mai .32 ta karɓi 0.313. Mai .357 ce ta zo da magana: ramuka huɗu 0.357, biyu 0.3565. An kuma tura tattausar dalma mai maiko ta cikin kowane bututu da sandar tagulla don ɗaukar faɗinsa. Bututu mai tsaga biyar ba ya aunuwa da maikiromita ta yau da kullum, don tsaga ba ta fuskantar tsaga, amma akwai gwaji mai sauƙi: dalmar da ta fito daga bututu a saka ta a maƙogwaro. In ta wuce da turin yatsa, lafiya lau. A mai .357 ta cije a waɗannan ramuka biyu. An yi musu alama.

2 ga Fabrairu

Kwansuna. Na .38 Special tsofaffi ne da aka tara, na kamfanoni daban-daban, an ware su bisa tambarin gindi. Na .32 H&R da na .357 sababbi ne daga Starline na Missouri, don ba a tsintar .32 a ƙasan filin harbi.

Iyakar tsawon kwanson .38 Special inci 1.155 ne, na .357 Magnum 1.290, na .32 H&R 1.075. Kwanso miƙaƙƙe irin wannan ba ya cika ƙara tsawo, amma a libarba tsawon na da aiki, domin da bakin kwanso ake kalmasa, wato a lanƙwasa shi ciki ya riƙe ƙwaya. Wanda ya ɗara 'yan'uwansa zai sha kalmasa mai tsanani, gajere kuma da ƙyar dayis, ƙarfen da ake tura kwanso cikinsa don a siffanta shi, zai taɓa shi. Cikin tsofaffin .38 an sami bambancin da ya kai 0.012, don haka aka datse su duka zuwa 1.145, aka kankare bakin ciki da waje. An zubar da masu tsagaggen baki. Masu rufin nikel sun fi yawa a cikinsu, kamar kullum.

Da ruwa ake wanki, da sabulu da ɗan garin tsami, ba da busasshen gari a injin girgiza ba. Firaima, hular da allura ke bugawa a gindin kwanso, yawanci da sinadarin dalma ake yin ta, ƙurar busasshen wanki kuwa ita ce ke bin iska ta kwanta a tufafi. Duk wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010 ya san yadda take shiga gida a jikin babba. Ba a ci ba a sha a ɗakin aiki, rigar aiki a can take kwana, yara ba sa shiga.

9 ga Fabrairu

An kafa dayis a kan matsa mai ɗaukar dayis guda, don aikin gwaji ba ya son gaggawa. Mataki huɗu ne: matse kwanso ya koma awonsa tare da cire tsohuwar firaima, buɗa baki, zaunar da ƙwaya, sai kalmasa. An raba zaunarwa da kalmasa. In an haɗa su a bugu ɗaya, bakin kwanso na rufewa alhali ƙwaya ba ta gama sauka ba, sai ya aske mata gefe.

Ƙwayoyin farko: ta mai .38 giren 148 (giram 9.6) mai shafaffen kai, wadda ake kira wadkota, faɗi 0.358, ta mai .32 irin wannan siffa, giren 100, faɗi 0.313, ta mai .357 giren 158 mai kafaɗa, faɗi 0.358.

Matsala ta fito nan take a .38. Wadkota kusan gaba ɗayanta take shiga kwanso, bangon kwanso kuwa yana ƙara kauri in an doshi gindi. A kwansunan tambari ɗaya gindin ƙwaya ya iske kaurin, ya kumbura jikin, harsashin ya ƙi shiga ma'aunin rami. Akwai masu maganin wannan da dayis ɗin kalmasa mai zoben matsi a baki, wanda ke sake matse harsashi bayan an gama. Yana shiga kuwa, sai dai an cuci ƙwaya: tagulla tana ɗan dawowa bayan matsi, dalma ba ta dawowa. An zare guda daga waɗanda aka yi wa haka, ta koma 0.3555, kuma riƙon kwanso ya ragu. An ajiye wannan dayis. Kwansunan masu kaurin bango an mayar da su ga ƙwayar 158 da ba ta shiga da zurfi, wadkota kuma aka bar ta da masu siririn bango, aka sa mabuɗi mai hawa biyu wanda ke buɗe ciki daidai zurfin da ƙwaya za ta zauna.

Firaima da hannu ake sakawa, har a ji ta dira a ƙasan aljihunta, ta yi ƙasa da fuskar gindi da inci 0.002 zuwa 0.005. A shafa da yatsa, ko a tsayar da kwanso a kan gilashi. In ya yi rawa, ta yi tudu. Mai tudu tana gogar bangon baya ta hana silinda juyawa.

16 ga Fabrairu

Ba za a rubuta awon albarushi a wannan kundi ba. Yana cikin littattafan Lyman da Speer da Hornady da jadawalin Hodgdon da Alliant, an gwada shi da na'urar auna matsi, kuma a ɗaure yake da takamaiman ƙwaya da zurfin zamanta. Awon ƙwayar 158 mai kafaɗa ba na wadkota ba ne, ko da nauyinsu ya yi kusa, don wadkota ta cinye fili, ƙaramin fili kuwa matsi yake ɗagawa. An duba majiya biyu a kowane haɗi, an fara daga mafi ƙanƙantar awo. Iyakar matsi da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, ta sa wa .38 Special psi 17,000 ne (fam a kan kowane murabba'in inci), mai alamar +P, wato mai ƙarin matsi, 20,000, .357 Magnum 35,000. Babu haɗin da zai je kusa da rufin nan.

Haɗarin .38 Special a tarihinsa yake. A ƙarshen ƙarni na 19 aka zana shi don baƙin albarushi mai cika kwanso. Albarushin zamani mai saurin ci irin Bullseye ko 231 ɗan kaɗan ake zubawa, yana kwance a ƙasa kamar gishiri a gindin kofi. A zuba sau biyu, har uku, ba zai yi ambaliya ya tona asiri ba, amma ya isa ya tsaga silinda ya ɗaga rufin bindiga. Tsarin teburin ke nan: kwanson da ba a zuba wa ba a kife yake, baki ƙasa. Wanda aka zuba wa ya tafi wani allo dabam. In allo ya cika hamsin, a haska tocila a bi layi-layi kafin a ɗora ƙwaya ko ɗaya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi, ragowar kuma a mayar gwangwaninsa ranar, kada ya kwana a mazubi.

Sikeli an gwada shi da duwatsun awo. A awon da ake ƙirgawa da 'yan giren, kuskuren 0.1 na iya zama kashi uku cikin ɗari, don haka ana auna kowane zubi na goma. Ma'ajiya akwatin katako ce mai kaurin inci ɗaya, firaima a wani wuri dabam cikin kwalinsu na asali.

1 ga Maris

Fita ta farko, ana sanyi ƙasa da sifiri. Na'urar auna gudu mai rada ce, Garmin Xero, wadda ake ajiyewa gefen bindiga. Ta fi mai idon haske dacewa da gajeren bututu, don wutar baki da hayaƙin maiko kan ruɗa idon.

Mai .38 da wadkota: matsakaicin gudu kusan ƙafa 640 a daƙiƙa, bambanci 38. Mai .32: kusan 760, bambanci 44. Mai .357 da 158 a kwanson .38: kusan 750, bambanci 71, ta faɗi sharaɗi.

Wurin faɗuwa ya bi abin da aka sani. Bakin bindiga ya riga ya fara ɗagawa tun ƙwaya na cikin bututu, don haka mai nauyi mai nawa ta fi jimawa ciki, ta fita baki na sama, ta faɗa sama. An gwada 'yan kanti masu giren 125 a mai .38 don kwatance, suka faɗa inci huɗu ƙasa da saiti. Wadkota ta faɗa inci ɗaya ƙasa, abin karɓa ne. A bindigar da ba a iya ɗaga saitinta, nauyin ƙwaya shi ne sukurun saiti.

Mai .32 ta karkata hagu inci biyu. Na-dama da ke fama da doguwar kunama yakan ja harbi hagu da ƙasa, don haka sai da mutum biyu suka harba daga kan jakar yashi, ɗayansu bahago, aka ga abin ya tsaya a wuri ɗaya kafin a taɓa saiti. Lissafin: karkata sau tazarar saiti biyu, a raba da nisa. Inci 2 sau 3.6, a raba da inci 540, ya ba da 0.013. Da guntun tagulla da ƙaramar guduma aka gusa saitin baya dama da wannan ɗan awo.

Shuri ma ana lissafa shi. Nauyin ƙwaya sau gudunta, a raba da nauyin bindiga, ya ba da saurin da take komawa baya, ba tare da an saka turin iskar wuta ba. Mai .38 da wadkota kusan ƙafa 15 a daƙiƙa, mai .32 kusan 11, mai .357 kusan 12. In an juya shi zuwa ƙarfin duka, na mai .32 bai kai kashi 60 cikin ɗari na mai .38 ba, ga ƙarin rami ɗaya. Wannan ne duk sirrin farin jinin .32 a yanzu, kuma hannu ya yarda da takarda.

8 ga Maris

Mai .357 ta yi tauri bayan silinda ta bakwai, kunama kamar an ɗaure. Ba firaima ba ce. Ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba ne suka faɗa ƙarƙashin tauraron fitar da kwanso, suka hana shi zama. Guda ɗaya ta isa. Tsohon buroshin haƙori ya warware. Hanyar kauce masa: baki sama sosai lokacin fitar da kwanso, a bugi sandar da tafin hannu bugu ɗaya, ƙarƙashin tauraro kuma a bar shi a bushe, ba mai. Sandar gajeriyar libarba ba ta kai tsawon kwanso ba, turi a hankali ba ya fitar da su.

Albarushin da bai ƙone ba da bambancin 71 abu ɗaya suke faɗa: matsi ya yi ƙasa da inda wannan albarushi ke ci da kyau. An kuma ga zoben datti a ramuka. Ramin .357 ya fi kwanson .38 tsawo da inci 0.135, wannan fili ne ke tara gawayi da maiko, in ya yi kauri dogon kwanso ya cije, bakinsa ya kasa buɗewa yadda ya kamata. Haka .32 S&W Long ke yi a ramin .32 H&R, da ratar 0.155. An yanke: mai .357 za ta koma kwansonta, da awon sassauƙan haɗi na .357 daga littafi, da albarushi mai saurin ci.

22 ga Maris

Gwajin zamewar ƙwaya. In bindiga mara nauyi ta yi shuri, silinda na fizgar kwansuna baya ta gemunsu, ƙwaya mai nauyi kuwa tana so ta tsaya inda take, sai ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. In ta leƙo fuskar silinda ta tokare gindin bututu, bindiga ta tsaya cik. Ƙwayar dalma mai santsin maiko ta fi mai rigar jan ƙarfe yin haka.

Yadda aka yi: a auna harsashi ɗaya da kalifa, a yi masa alama, a cika silinda, a harba sauran, a sake cikawa a harba, shi yana zaune, sannan a sake aunawa. Wadkota a mai .38 ba ta motsa ba, jikinta duka a riƙe yake. Ta .32 ma haka. Ƙwayar 158 a mai .38, wadda ake so ta zama haɗi na biyu, ta fito da inci 0.012 bayan harbi takwas. An sauke dayis ɗin kalmasa rubu'in juyi, aka tabbatar baki ya naɗe cikin tsagar da aka yi wa ƙwaya don haka, ba a kan kafaɗa ba. Ta koma 0.003.

An gwada ƙarin rabin juyi don a ga iyaka. Kwanso ya yi ƙundu a ƙasan baki, riƙo ya ragu maimakon ya ƙaru, biyu ma sun ƙi shiga rami. Ainihin riƙo daga matsin jikin kwanso yake, wanda mabuɗi ke saitawa. Ya kamata mabuɗin ya gaza ƙwaya da inci 0.001 zuwa 0.002. Kalmasa taimako ce kawai, kuma yawanta na gajiyar da baki ya tsage da wuri.

5 ga Afrilu

Da kwanson .357 da sabon albarushi, bambancin mai .357 ya sauko 46, tauraro ya daina tara datti. Saura dalma. Bayan harbi hamsin, mazurari da rabin incin farko na bututu sun yi toka-toka, tarin harbi ya buɗe daga inci uku zuwa biyar.

Inda dalma ta kwanta shi ke faɗin dalili. A bakin bututu, maiko ne ya ƙare, abin da da wuya ya faru a inci biyu. Tsawon bututu duka, ƙwaya ta yi laushi ga gudun da aka ba ta. A gindi kuwa iskar wuta ce ta sami hanya ta gefen ƙwaya, ta narka ta, ta shafe a bango. Wannan na faruwa in ƙwaya ta gaza faɗin bututu, ko ta yi taurin da ƙaramin matsi ba ya iya kumbura gindinta ya toshe. A nan awon Janairu ya yi amfani. An harba hamsin daga ramuka huɗu masu faɗi kawai: dalma kaɗan, buroshi ya ɗauke. An harba ashirin daga biyun nan masu alama: ta dawo. Maƙogwaron ne ke matse 0.358 zuwa 0.3565 kafin ta isa bututun da ya fi haka faɗi.

Masu sayen ƙwaya sukan ɗauka mai tauri ita ce mai hana dalma. A haɗi mai sauƙi akasin haka ne. Taurin 10 zuwa 12 a ma'aunin Brinell ya fi 18 aiki. Sai dai laushi ba zai gyara matsattsen maƙogwaro ba. Silinda ta tafi wurin maƙerin bindiga don ya daidaita ramuka shidan zuwa 0.358. Ba aikin gida ba ne, ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Cire dalma: a warware zaren soson wanke tukunya na jan ƙarfe zalla, a naɗa a tsohon buroshi, a tura a bushe. A fara gwada soson da mayen ƙarfe, don akwai na baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin ja, shi kuwa karce bututu zai yi. Jikin alminiyam ba a barin ruwan wanki mai ƙarfi ya jiƙa shi, yana cin fenti.

13 ga Afrilu

An gwada sassauƙan sifirin, wato ƙarfe mai tsalle da ke tura hama, a mai .38, wadda kunamarta ke neman fam 12. Ya sauko wajen fam 9, harbi ya yi daɗi, amma da firaima mai taurin hula uku cikin hamsin ba su tashi ba. An duba, zamansu daidai yake, tabon allura ne bai yi zurfi ba. Bambancin na da amfani: firaimar da ba ta dira ba, bugun farko zaunar da ita yake yi, na biyu ya tashe ta, laifin teburi ne, tabo mara zurfi a kan wadda ta dira laifin sifirin ne. Bindiga mai ɓoyayyiyar hama ba ta da hanyar ɗana ta da babban yatsa don dogon bugu. An mayar da sifirin ɗin asali. Kunamar da sai da firaimar kamfani ɗaya take aiki ba gyara ba ce.

Harsashin da bai tashi ba, a riƙe baki na fuskantar gaba daƙiƙa talatin. A libarba jan kunama na biyu yana gusar da shi daga saitin bututu, in ya tashi a makare, a jikin bindiga zai tashi.

27 ga Afrilu

Gwajin kwanciyar albarushi. Harbi goma ana ɗaga baki sama kafin kowanne don albarushi ya taru wajen firaima, goma ana sunkuyar da shi. Wadkota a .38 da .32 bambancin matsakaici bai kai ƙafa 15 ba, don babu filin yawo. Ƙwayar 158 a kwanson .38 ta ba da kusan 40. Wanda ke zaro bindiga daga kugu, baki ƙasa, gudun ƙasan zai riƙa samu, don haka da shi ake auna ko haɗi ya yi rauni da yawa.

Ƙasa ma na da iyaka. An so a ƙara sassauta .32 don masu koyo, amma mafi ƙanƙantar awon littafi ba don ado aka sa shi ba. Ƙwayar da ba ta sami turi ba tana tsayawa a bututu, ta biyu ta same ta, bututu ya kumbura. Rata na ƙara wannan haɗari a libarba, musamman da ƙwaya mai rigar jan ƙarfe da ta fi dalma cijewa. Ƙara mara ƙarfi ko shuri mara nauyi, a tsaya, a buɗe, a zura sanda. Ga masu koyo an haɗa .32 S&W Long da nasa awon, a wanke ramuka bayan an gama.

Wadkota mai ramin gindi, wadda aka samo kwali ɗaya don kwatance, ta fi kowacce tara harbi a mai .38, inci biyu da rabi daga kan jaka. Siket ɗinta, wato siririn bangon da ke kewaye da ramin, na buɗewa ya kama bututu da ƙaramin matsi. Ita kuma iyakarta sama ce: in an tura ta da ƙarfi, siket na iya tsinkewa ya zauna ciki alhali kai ya fita ya huda takarda kamar ba abin da ya faru. Awonta dabam da na mai cikakken gindi, kwalinta ma an sa masa launi dabam.

10 ga Mayu

Mai .38 da wadkota 148 da mai .32 da wadkota 100 sun cika sharuɗɗan. An haɗa ɗari biyar-biyar, kowane kwali da takardar ranar haɗi, nau'in ƙwaya, lambar gwangwanin albarushi, firaima, tsawon harsashi da adadin cikawar da kwanson ya sha. Haɗin 158 na mai .38 ya faɗa daidai saiti, amma bayan sittin yatsan tsakiya na dakuwa da bayan kariyar kunama. An yi odar mariƙi mai cike wannan gurbi, za a sake gwadawa kafin a taɓa awo.

Silindar mai .357 ta dawo. Sandar 0.358 ta shiga ramuka shida, 0.3585 ba ta shiga ko ɗaya ba, dalmar da aka ɗauki faɗin bututu da ita ta wuce da yatsa. Za a maimaita gwajin hamsin da ƙwayar da ta bar dalma a Afrilu, ba tare da an canza komai ba, sannan da mai rufin roba don a ga ko hayaƙi zai ragu a filin cikin gida. Duk awon gudun da ke sama na sanyi ne da farkon bazara. An ware talatin daga kowane haɗi don Yuli, a bar su cikin rana awa guda kafin a auna.